A cire mahaifa ko a cire ƙarin kawai? Ga matashiyar da aka sa a gaba da takardar sa hannu

Ƙanwata shekararta 27, shekara uku da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba, sai ciki ya fara tasowa kaɗan kaɗan har dangin miji suka hau murna wai ciki ne ya kwanta. An kwashe watanni ana rubutu da jiƙe-jiƙe don a tada shi, ita kuwa al'ada na zuwa mata kamar an buɗe famfo, kwana tara kwana goma, audugar mata ɗaya ba ta kai ta awa biyu sai ta haɗa da tsumma. Ranar da jiri ya kayar da ita a tsakar gida tana shara muka sa ta a keke zuwa wani asibitin kuɗi a nan cikin Gombe, aka yi sikanin aka ce ƙarin mahaifa ne, wanda za ki ji ana cewa faibroid, guda huɗu, babban ya kai lemon zaƙi girma, jininta kuma ya yi ƙasa sosai, ma'aunin jinin da ake kira PCV ya nuna 21. Abin da har yau ya tsaya min a rai shi ne, tana kwance ko kallonta ba a yi ba aka tura wa mijin takarda, wai "Alhaji sa hannu nan, gara a cire mahaifar gaba ɗaya ta huta." Wallahi ni na riƙe biron, na ce likita dan Allah a ba mu kwana biyu.

Kwana biyun nan ya zama wata uku na zirga-zirga wajen likitocin mata, kuma abin da na koya a ciki shi zan zuba miki nan in ke ma kina tsaka mai wuya irin tata. Ni ba likita ba ce, sikanin ɗinki da gwajin jininki su ne za su yi magana ta ƙarshe, amma gara ki shiga ofishin likita kin san abin da za ki tambaya.

Ki fara sanin cewa ƙarin nan ba baƙon abu ba ne, kuma mu baƙar fata ya fi kamawa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2003 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na mata baƙar fata suna samun sa kafin su cika shekara 50, da yawa ma ba su san suna da shi ba don ba ya damun su. Tsoka ce ta jikin mahaifar take dunƙulewa, sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa shi ke ciyar da shi, shi ya sa in al'ada ta ɗauke yake motsewa da kansa. Da wuya ƙwarai ya zama ciwon daji, wato kansa. Kuma inda ya zauna ya fi girmansa muhimmanci: ƙarami da ya leƙo cikin ramin mahaifa inda jariri ke kwanciya zai iya jawo zubar jini da ɓari fiye da ƙato wanda ya fito ta bayan mahaifa.

Ma'aunin da za ki ɗora kowace hanya

Na farko kuma babba, kina son haihuwa nan gaba ko kin gama? Ba yau kawai ba, ki yi tunanin shekara goma masu zuwa, aure na iya mutuwa, miji na iya rasuwa, yaro na iya rasuwa, Allah ya kiyaye, amma duk muna ganin haka a unguwa. Na biyu, yaya tsananin ciwon, jini ne kawai ko ƙarin ya danne mafitsara ko hanyar ƙoda. Na uku ɗorewa, wato in an yi an gama ko zai dawo. Sai kuɗi, sai kwanakin jinya da wanda zai riƙe miki gida, sai haɗarin aikin na nan take da na shekaru masu zuwa. Na ƙarshe wanda aka fi mantawa, shin abin ana iya warware shi in kin canza ra'ayi?

Magani ba tare da tiyata ba

Nan ya kamata a fara ga mafi yawan matasa. Akwai ƙwayar tranexamic acid da ake sha kwanakin al'ada kawai, tana rage jinin sosai kuma ba ta hana ɗaukar ciki, akwai mefenamic acid don ciwon mara, sai maganin ƙarin jini wanda dole ne ki jure shi watanni ko da yana sa bayan gida ya yi baƙi ya yi tauri. Ƙwayar tazarar haihuwa ko allurar wata uku su ma suna rage jini. Sai robar mahaifa mai sinadari irin Mirena, ana saka ta cikin mintoci a asibiti ki koma gida, tana aiki shekara biyar kan zubar jini, ranar da kike son ciki a cire. Matsalarta watannin farko za ki riƙa ganin ɗigon jini ba ƙa'ida, abin da ke rikita wa mace lissafin sallah da azumi, kuma in ƙarin ya lanƙwasa ramin mahaifa tana iya zamewa ta fito.

Duk waɗannan jinin suke tarewa, ba sa taɓa ƙarin. Wadda ke motsar da shi ita ce allura irin Zoladex, ana yin ta a fatar ciki duk kwana 28, tana tsayar da al'ada ta sa ƙarin ya ragu cikin wata uku. Amma tana da tsada, tana jefa ki cikin yanayin wadda al'ada ta ɗauke mata, zufa da daddare, zafin jiki mai tasowa, bushewar gaba, kuma ba a son a wuce wata shida saboda tana cinye ƙashi, da kin daina kuma ƙarin ya koma yadda yake. Amfaninta na gaske shi ne a samu lokaci jini ya hau kafin aiki, abin da aka yi wa ƙanwata ke nan.

Su kuma masu mota da lasifika a bakin kasuwa da ke cewa jarka ɗaya za ta narkar da ƙari ya fito ta bayan gida, gaskiya ba na iya ɓoye haushina. Ƙarin tsoka ne a jikin mahaifa, ba shi da hanyar da ta haɗa shi da hanji. Kuɗin da aka zuba musu da na tada kwantaccen ciki ya kusa isa rabin kuɗin aikin, ga jini da ya yi ta tafiya a banza. Addu'a kam ki riƙe ta hannu biyu, ki haɗa da asibiti.

Cire ƙarin a bar mahaifa

Wannan ita ce hanyar mai son haihuwa in magani ya kasa. A wajenmu galibi buɗe ciki ake yi a ƙasan mara kamar na tiyatar haihuwa, likita ya tsaga jikin mahaifa ya ɓare ƙarin ɗaya bayan ɗaya ya ɗinke. Ana yin ta a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe da na jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, inda akwai ƙwararrun likitocin mata da wajen ajiyar jini. Kwana uku zuwa biyar a gado, sati huɗu zuwa shida kafin ki koma ɗaukar bokiti da daka.

Kada kowa ya ce miki ƙaramin aiki ne. Babban haɗarinsa zubar jini, wani lokaci ma ya fi na cire mahaifa jini, shi ya sa za a ce ku kawo leda biyu ko uku kafin a shiga, kuma shi ya sa likitoci ke ɗaure jijiyoyin mahaifa da roba lokacin aikin. In jini ya ƙi tsayawa ana iya cire mahaifar dole don ceton rai, ba ya yawan faruwa amma yana cikin takardar da za ki sa wa hannu, ki karanta ko a karanta miki. Bayan aiki kayan ciki na iya mannewa da juna har su toshe bututun ƙwai. Za a ce ki jira wata uku zuwa shida kafin ciki, kuma in an shiga mahaifar sosai haihuwarki ta gaba tiyata ce, ba maganar naƙuda a gida, don ɗinkin na iya fashewa. Sannan yana dawowa, musamman ga mai ƙananan shekaru wadda aka cire wa da yawa, tunda akwai shekaru masu yawa tsakaninta da ɗaukewar al'ada. Ƙanwata guda bakwai aka fitar mata ba huɗu ba, na gan su a cikin wata roba farare kamar curin dawo, kuma sikanin da ta yi bayan shekara ɗaya da rabi ya nuna wani ƙarami kamar gyaɗa ya tsiro. Al'adarta dai ta koma kwana biyar, ta yi ƙiba, har yanzu muna jiran rabo.

Toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin

Ba yanka, siririn bututu ake zurawa ta jijiyar cinya ko ta hannu a toshe hanyar jinin ƙarin ya motse. Kwana ɗaya ko biyu a asibiti, sati ɗaya zuwa biyu kin warware, sai dai kwanakin farko akwai ciwon mara mai tsanani. Kayan aikin da masu yin sa sai manyan birane irin Legas da Abuja, kuɗin ya fi na sauran nesa ba kusa ba, kuma likitoci ba sa gabatar da ita ga mai neman haihuwa saboda tana iya taɓa ƙwai da yadda ciki zai zauna.

Cire mahaifa gaba ɗaya

Zan daɗe a nan don ita ce ba ta da gyara. Alherinta a fili yake, jini ya tsaya har abada, ƙari ba zai dawo ba, ba sauran sayen auduga da ƙarin jini duk wata, kuma matan da suka sha wahala shekaru da yawa za su ce miki sun samu sabuwar rayuwa. Jinyar kusan ɗaya da ta cire ƙari, kwana uku zuwa biyar a asibiti, sati shida zuwa takwas a gida, kuɗin ma ba su da nisa da juna. Maganar da ake yaɗawa wai mace ta zama rami ba ta da amfani ga miji ƙarya ce, gaba yana nan yadda yake, bayan kamar sati shida in ɗinki ya warke ana komawa auratayya.

Haɗarin nan take akwai jini, ruɓewar ɗinki, daskarewar jini a ƙafa wanda ke iya tafiya huhu, sai raunata mafitsara ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, don suna manne da mahaifar. In hannun da bai ƙware ba ya yi aikin mace na iya tashi da yoyon fitsari, ta ƙare a layin cibiyar yoyon fitsari ta Ningi bayan ba naƙuda ce ta jawo mata ba. Wannan kaɗai ya isa ki tambayi waye zai yi aikin, kuma likitan mata ne ko kuwa.

Tambayar da dole ki yi kafin ki sa hannu ita ce, za a bar min ƙwaina? Mahaifa daban, ma'ajiyar ƙwai guda biyu daban, su ne ke fitar da sinadarin da ke riƙe ƙashi da zuciya da ni'imar jiki. In aka cire su ga yarinya 'yar 25 ko 30, washegari ta shiga yanayin 'yar 50, zufa, rashin barci, bushewa, raguwar sha'awa, ƙashi ya fara zaizayewa da wuri, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru, kuma sai ta riƙa shan maganin sinadari har ta kai shekarun da al'ada ke ɗaukewa da kanta, da kuɗinta. Don ƙari kawai ba dalilin cire lafiyayyen ƙwai ga matashiya. Ko an bar su ma ba a tsira gaba ɗaya ba, sukan gaji da wuri fiye da na wadda ba a taɓa ba, kuma binciken asibitin Mayo na Amurka da ya fito a 2018 ya gano matan da aka cire wa mahaifa suna da shekara 35 ko ƙasa, duk da an bar musu ƙwai, haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya ya ninka musu sau 2.5, na gazawar zuciya kuma sau 4.6. Ki kuma tambaya ko za a bar bakin mahaifa, in an bar shi gwajin kansar bakin mahaifa bai faɗi a kanki ba.

Sai abin da sikanin ba ya nunawa. Mu nan mun san abin da ake nufi da a ce yarinya ba za ta taɓa haihuwa ba, gori daga dangin miji, habaicin kishiya, suna da biki da za ta riƙa zuwa tana haɗiye hawaye. Mai shekara 44 da 'ya'ya shida da mai 24 da ba ta da ko ɗaya aiki ɗaya ake musu amma ba abu ɗaya aka ɗauke musu ba.

Wa ke da ikon cewa a yi?

Ke ce, in dai kin kai shekara 18 kuma kina cikin hayyacinki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya faɗa miki ciwonki, hanyoyin magani da ake da su, amfani da haɗari da kuɗin kowacce, da haƙƙinki na ƙin yarda, kuma da yaren da kike ji. Shawara da miji da iyaye abu ne mai kyau kuma za ki buƙace su, amma sa hannun miji ba ya maye gurbin yardarki. Ƙa'idar likitanci ko'ina ita ce aikin da ba ya warwaruwa a jikin matashi ana jan ƙafa a kansa. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta haramta kashe haihuwa baki ɗaya sai da larura, ma'ana in larurar ta tabbata ba laifi, kada tsoron zunubi ya hana ki ceton ranki.

Larurar kuwa akwai ta. Mahaifa ta fashe wajen doguwar naƙuda yadda ba ta ɗinkuwa, jini ya ɓalle bayan haihuwa an yi duk dabara ya ƙi, mabiyiya ta shige cikin tsokar mahaifa, ko kansa. A irin wannan ba lokacin neman likita na biyu, mintoci ake lissafawa, kuma likitan da ya cire ceto ya yi ko shekarar yarinyar 19. Ƙari kuwa kusan kullum yana ba da lokaci, a ƙara jini, a tsayar da zubar, a zauna a yi magana.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Jinya | Babban haɗari | Haihuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙwayoyi | mafi sauƙi, amma duk wata | sai ana sha | babu | ƙarin na ci gaba da girma | tana nan |
| Mirena | matsakaici, sau ɗaya | shekara 5 | babu | ɗigon jini, zamewa | bayan an cire |
| Zoladex | tsada duk wata | wata 3 zuwa 6 | babu | zaizayar ƙashi | bayan an daina |
| Cire ƙari | kuɗin tiyata da jini | yana iya dawowa | sati 4 zuwa 6 | jini, mannewar ciki | tana nan, galibi ta tiyata |
| Toshe jijiya | mafi tsada, da tafiya | wasu sai an sake aiki | sati 1 zuwa 2 | ciwo, taɓa ƙwai | ba tabbas |
| Cire mahaifa | kusa da na cire ƙari | har abada | sati 6 zuwa 8 | raunin mafitsara, tsufan jiki da wuri | babu |

Kan kuɗi, farashi na canzawa kusan duk wata, don haka ki nemi a rubuta miki lissafi a takarda, gado, allurar barci, gwaje-gwaje, jini, magungunan bayan aiki, kar a ce miki kuɗin aiki kawai sannan a riƙa miƙo wa ɗan jinya takarda duk safiya. Asibitin gwamnati ya fi arha amma akwai jiran layi. In kina cikin inshorar NHIA ko GoHealth a Gombe ko BASHCMA a Bauchi, ki je ofishinsu tun kafin ranar aiki ki ji me za su ɗauka, kuma ki fara tara 'yan uwa masu ba da jini da wuri, mu samari uku muka kai aka ɗauki na biyu.

Wacce ta dace da wa

In sikanin ne kawai ya nuna ƙari ba jini ba ciwo, ki bar shi, a riƙa dubawa lokaci lokaci, mata da yawa sun haihu da shi a jiki. Budurwa ko amarya da jini ke damu kuma ƙarin ƙanana ne, ƙwayoyi da maganin ƙarin jini tukuna. Mai yara da ke son hutu na wasu shekaru amma ba ta rufe ƙofa ba, a duba mata Mirena in ramin mahaifa bai lanƙwashe ba. Wadda ke neman ciki, ko take ta ɓari, ko ƙarin ya yi girma yana danne mafitsara, cire ƙarin a hannun ƙwararren likitan mata a inda akwai jini a ajiye, kuma a duba maigidan shi ma kafin a ɗora wa ƙarin laifin rashin haihuwa. Wadda ta gama haihuwa, ba ta son yanka, kuma tana da halin tafiya, toshe jijiya. Wadda ta haura 45 kuma ciwon da dama-dama, tana iya lallaɓawa da magani har al'ada ta ɗauke. Wadda ta gama haihuwa da zuciya ɗaya, an gwada magani ya kasa ko an taɓa cire ƙarin ya dawo da yawa, cire mahaifa zai hutar da ita, a bar mata ƙwai in lafiyarsu ƙalau.

Ke kuwa da ba ki kai 35 ba, ba ki haihu ba ko kina son ƙara haihuwa, aka ce miki ba abin da ya rage sai cirewa alhali ba jini ne ya ɓalle a kan gadon haihuwa ba, ki karɓi hoton sikanin ɗinki da sakamakon jininki ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ki tafi da wata babba da za ta iya cewa "likita a sake mana bayani da Hausa," kuma ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida don a gaban likita mantawa ake yi.